Kafin Waya Ta Shiga Bango

Na san abin da kuke faɗi in ba na nan. Uwarku ba ta iya riƙe magana a ciki, kuma ko da ta iya, kunnena bai mutu kamar yadda kuke zato ba. Kuna cewa Baba ya samu takardar aikin lantarki tun masu ita ba su da yawa a duk Agadas, aka kira shi aiki Arlit ya ƙi, ya zauna yana sauya wa tsofaffi ampul, ƙwan lantarki, ana sallamarsa da dabino. Kuna nuna gidan siminti na Alhaji Sidi a Dagmanet, kuna cewa ai tare suka yi karatu. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma tunda ɗan'uwanku Musa ya fara maganar tafiya Cibarakaten haƙar zinariya, yana kafa hujja da ni, wai shi ba zai yi irin zaman da na yi ba, gara in ba ku labarin shekarar da na ƙi tafiya Arlit da bakina, kada ku gaje shi a karkace.

Kakanku, mahaifina, magini ne ɗan magini. Ku da kuka tashi kuka ga ana kiran duk wanda ya fi arha, da wuya ku gane abin da wannan yake nufi a tsohon gari. A lokacin kowane gida da magininsa. Mai gida yana da ɗakuna da abin da ke cikinsu, amma bango na wanda ya gina ne, ko ɗansa, ko jikansa. Ko turken rataya sirdi mutum zai kafa, sai ya aika a tambayi magini inda zai buga. Shi kuma magini, damina na matsowa zai zagaya gidajensa ba tare da an kira shi ba, ya duba indararo, ya toshe tsaga, ya yi yaɓe. In bango ya faɗi ba a tambayar gidan wa ne, sai a ce ginin wa ne. Shi Baba, mahaifin nawa, yana da gidaje masu yawa a hannunsa, wasu shi ya ɗora su, wasu gadon ubansa ne, kuma ya san su fiye da yadda ya san 'ya'yansa. Ban faɗi haka da ɗaci ba, haka abin yake.

Ni ban tashi a ramin laka ba. An ɗauke ni lekol, makarantar boko, ina ƙarami, daga nan aka tura ni makarantar sana'a a Maraɗi, inda na koyi aikin wuta. A can na haɗu da Sidi, ɗan unguwarmu, muka raba ɗaki da yunwa. Jarrabawar ƙarshe ba ta rubutu ce kaɗai ba. Ana ba ka allon katako da waya da makunni, ka haɗa, sannan wani mushe, yadda muke kiran ma'aikaci ɗan boko, mai fuska kamar an aiko masa da mutuwa ya zo yana fizgar kowace waya da yatsa. Wadda ta fito, ka faɗi. Tawa ba ta fito ba. Aka ba ni dipulom da takardar izini, kuma ƙarfin takardar shi ne, duk gidan da mai irinta bai duba ya sa hannu ba, ba a haɗa masa wuta. Na hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa gida ina jin kamar ni zan haska Agadas gaba ɗaya, har hasumiyar masallaci.

Ban san abin da ya faru a bayana ba. Wuta ta riga ta fita daga wajen birori, ofisoshin gwamnati, ta fara shiga tsohon gari, kuma masu ja mata waya baƙi ne, ana biyansu gida-gida, sauri suke yi. Inda suka ga dama nan suke huda bango, sau da yawa a ƙarƙashin rufi, su sare kan itacen goruba da ke ɗauke da soro in ya tare musu hanya. Damina ta zo, ruwa ya bi wani rami da suka bari, kusurwar wani gida ta zube a kan awaki biyu. Ba wanda ya tambayi sunan mai waya, ya riga ya bar gari. Aka ce ginin wa ne, aka ce na Baba. Ranar Juma'a bayan salla ya tsaya a bakin masallaci ya faɗa kowa na ji cewa duk gidan da aka sa wa waya ya cire hannunsa daga kansa, ba yaɓe, ba gyara, har abada. Sauran magina suka bi bayansa. Mutane suka shiga tsaka mai wuya, domin suna son haske, amma ba mai son damina ta same shi ba magini.

Cikin wannan hali na shigo gida da takardata. Inna, mahaifiyata, ta yi guɗa, ta yanka kaza. Kaka, uwar Baba, wadda take kirana mijinta cikin wasa, ta karɓi takardar ta juya ta sama da ƙasa.

"To, maigida, wanga abu mi yake ba mutum ikon yi?"

"Ikon sa wa gidaje kuran, wutar lantarki, Kaka."

"Wato ikon hwasa bangon mutane. Mu ma mun ga masu irin wanga iko."

Baba yana zaune a kan tabarma yana wanke laka daga tsakanin yatsun ƙafarsa. Bai ɗago ba, bai ce sannu da zuwa ba. Na tsaya da takarda a hannu kamar mai tallan da aka ƙi tayawa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Kwana kaɗan bayan haka wani mushe daga sosiyete, kamfanin da ke haƙar ma'adinai a Arlit ya aiko a kira ni da Sidi. Suna neman masu takarda. Za a ba mutum ɗaki da wuta da ruwa, da albashin da Baba ba ya samun irinsa ko da ya yaɓe rabin gari, kuma in ka tsufa ka bar aiki ana ci gaba da biyanka. Sidi bai bari mushen ya rufe baki ba ya sa hannu. Ni na ce zan shawarci gida. Inna ta ce wace shawara kuma, mutum ya ga abinci ya tsaya tambaya? Ta fara haɗa mini kaya tun ban amsa ba. Da la'asar na sami Baba a zaure na gaya masa. Na yi zaton zai hana ni, har na shirya abin da zan ce.

"Tahi," in ji shi. "Can babu bango nawa. Ka hwasa duk abin da ka ga dama."

Wannan ce maganar da ta canja mini rayuwa, ku riƙe ta. Bai tsine mini ba, bai sa mini albarka ba. Ya buɗe mini ƙofa ne kamar yadda ake buɗe wa baƙon da ake so ya wuce. Na gane cewa in na hau motar nan zan yi kuɗi, zan riƙa aiko da buhun shinkafa, shi kuma zai mutu yana ganin ɗansa na fari cikin masu rushe aikinsa. Abin da nake nema a wurinsa ba izinin tafiya ba ne. Ina so ya yarda in taɓa bangonsa.

Kaka ce ta buɗe mini abin da ke ƙasan zuciyarsa. Ta same ni a bakin rijiya ina zaune na haɗa kai da gwiwa, ta zauna kusa da ni da ƙyar, ta ce ita tana yarinya lokacin da sojan Nasara suka karɓe gari.

"Ba ta ƙohwa sunka shigo mana ba, maigida. Ƙohwa na buɗe, amma ta bango sunka shigo, suna neman mutane. Ina laɓe bayan randa na ga haske ya ɓullo inda haske bai taɓa shiga ba. Da ƙura ta lahwa, maginan da sunka rage su anka sa suna toshe ramuka gida-gida, da hannu, ba lada. Da wanga labari anka yaye ubanka. Shi kowa ya huda bango bai tambaya ba, soja ne."

"Ni ba soja ba ne, Kaka."

"Ni na sani. Sai ka nemi yadda shi ma zai sani."

Akwai wata makwabciyarmu, Hajiya Hadiza, bazawara mai baki. Ɗanta ya aiko mata da firigo daga Libiya domin ta riƙa sayar da ruwan sanyi, amma gidanta ginin kakana ne, yana hannun Baba. Firigon yana tsaye a zaurenta ta mayar da shi wurin ajiyar dabino da zannuwan Salla. Ta shigo gidanmu ta zauna gaban Baba ba ta cire mayafi ba.

"Magini, ga ɗanka da ilimin kuran, ga ni da hwarin akwati ina ajiye tsumma ciki. Wanga wace irin rayuwa ce?"

Na samu ƙofa na shiga maganar. Na ce ba dole ne a huda ƙarƙashin rufi ba. Ana iya sassaƙa 'yar hanya a jikin bango, a kwantar da tiyo, waya ta bi cikin tiyon, a mayar da yaɓe ya rufe, ruwa ba zai ga wurin shiga ba.

"Wa zai nuna maka inda itace ya kwanta cikin bango?" in ji Baba.

"Kai, Baba."

"Ba ni koya wa baƙo."

"Ni ne baƙo?"

"Ƙahwarka ta taɓa shiga lakata?"

Ba ta taɓa ba. Washegari da safe na naɗe wando na shiga ramin da ake cuɗa laka a bayan gari, cikin leburorinsa. Bai ce in zo ba, bai ce in fita ba, kuma bai yi mini alkawarin komai ba. Ina cikin ramin nan, laka har gwiwa, motar Arlit ta wuce a kan hanya. Sidi yana sama a kan kaya, ya gane ni, ya ɗaga hannu yana kiran sunana. Ban iya ɗaga nawa ba. Na sunkuyar da kai na ci gaba da takawa, hawaye na zuba, leburorin suka yi kamar ba su gani ba. Inna ta yi mako ba ta yi mini magana ba, in ta zuba mini tuwo sai ta ture kwanon da ƙafa.

Shekara guda na yi a hannunsa. Na cuɗa laka da tattaka, na ɗauki tubali, na miƙa masa curi yana bisa tsani. 'Yan unguwa suka sa mini suna Mushe Laka, yara na bina da shi har kasuwa. Baba ba ya koyarwa da baki. Zai ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya dube ni, in ƙwanƙwasa ni ma, in ban ji bambanci ba ya wuce ya bar ni. A hankali kunnena ya buɗe, na fara jin inda bango yake cike, da inda itace ya ratsa, da inda gara ta ci ta bar fanko. Na koyi bin sawun ruwa a jikin gini tun kafin a yi ruwan. Amma kada ku ɗauka shi ke da gaskiya a komai. Ya yi imani kuran yana shanye damshin bango har ya tsage, kuma yana jawo tsawa. Na yi masa bayani har bakina ya bushe, ya ce littafin Nasara ke magana. Taurin kai irin nasa ban gani ba, sai a wurin Musa.

Da magana ta ƙi, na gina ɗan guntun bango a gefen turken awakinmu, na kwantar da tiyo a ciki da waya, na rufe da yaɓe, na haɗa da batirin mota da ƙaramin ampul. Na bar shi rana ta dake shi, iska ta dake shi, damina ta zo ta wanke shi. Kullum Baba yana wucewa ta wurin ya kau da kai kamar ya ga abin kunya. Sai wata safiya Inna, wadda ta riga ta huce, ta ja ni gefe tana danne dariya, ta ce ta leƙo ta ga ubana yana harbin bangon da ƙafa, sannan ya manna masa kunci yana jin ko ya yi zafi. Da ya juyo ya gan ta sai ya ce akuya yake nema.

Da babbar Salla Sidi ya zo hutu a kan moto, wato babur, sabo, da agogo, da rediyo da ya kawo wa uwarsa. Ya same ni da kaushi a ƙafa. Ya gaya mini cikin tausayi cewa an ba wani ɗan Damagaram wurina, kuma yanzu ba a ɗaukar mutane kamar da. Na yi masa murna da baki, amma a zuciya hassada ce ta cika ni, ba zan ɓoye muku ba. Na kwana ina tambayar kaina ko ba wauta na yi ba, domin har lokacin Baba bai ce mini uffan ba, kuma yana iya ƙin cewa har ya mutu.

Tunda maganar samu ce ta fi damun ku, bari in gama da ita kafin in kai ƙarshe. Aikin wuta na mai zaman kansa a garin nan yana ciyarwa, ba ya azurtawa. Wata ya yi kyau, wata ka zauna kana kallon kayan aikinka. Mai sabon gini yana biya da kyau, mai gyara yana biya da addu'a. An sallame ni da kuɗi, an sallame ni da kwandon lemun Timiya, wani Buzu ya taɓa ba ni ɗan akuya. Takardar ita ce ta raba ni da masu haɗa waya a ɓoye, domin ba a taɓa kulle ni ba, kuma ba gidan da ya ƙone da sa hannuna a kai. Da wannan aiki na aurar da 'yan'uwanku mata, na kai ku lekol, ban taɓa kai uwarku Makka ba, wannan kuwa yana cina har yau. Sidi ya fi ni dukiya nesa ba kusa ba, kuma halal ɗinsa ce, bai cuci kowa ba. Wanda ya ce muku zaman da na yi bai ci mini komai ba ya yi muku ƙarya.

Damina ta wuce, guntun bangona bai tsage ba. Wata safiya muna shirin fita aiki na ɗauki kwandon laka kamar kullum, sai Baba ya ce in ajiye.

"Ɗauko kayanka."

"Waɗanne, Baba?"

"Kana da kaya iri nawa? Na kuran."

Na ɗauko jakar da na yi shekara ban buɗe ba. Ya wuce gaba ina binsa, bai tsaya ko'ina ba sai gidan Hajiya Hadiza. Ashe ya riga ya aika wa sauran magina, na same su tsaye a tsakar gida, dattawa uku da rawunansu, ga Hajiya ta kwashe zannuwa daga cikin firigo ta tara a tabarma. Baba ya shiga zaure ya tsaya gaban bangon gabas. Ubansa ne ya ɗora wannan bango yana saurayi, har yanzu ana ganin shatin yatsunsa a can sama inda yaɓe bai kai ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce in nuna masa inda zan bi.

Na ƙwanƙwasa, na saurara, na kauce wa itace biyu, na kauce wa inda ruwan indararo yake jiƙawa ta waje. Na ɗauki gawayi na ja layi daga bakin ƙofa zuwa inda firigo zai tsaya. Ya bi layin da tafin hannunsa daga farko har ƙarshe, a wuri ɗaya ya goge ya sauko da shi kamar faɗin yatsu uku, ban tambayi dalili ba. Na fito da guduma da ƙarfen sassaƙa zan fara, sai ya miƙo hannu. Na zaci fasawa ya yi. Ya karɓa, ya ɗora bakin ƙarfen a kan layin, ya yi bismilla. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana toshe ramuka, ban taɓa ganin ya huda gini ba, ya ɗaga guduma ya buga. Ƙasa ta zubo a kan ƙafarsa. Dattawan nan suka sunkuyar da kai.

Bugu ɗaya ya yi. Ya juyo ya sa mini guduma da ƙarfen a hannu, ya kira ni da sunana, abin da bai saba yi ba tunda ni ne ɗan fari.

"Alasan, ci gaba. Ni na buɗe, ba wanda zai ce baƙo ya hwasa shi. Amma daga yau in wanga bango ya hwaɗi, anka ce ginin wa ne, sunanka za a kira."

Ya karkaɗe rigarsa ya fita, bai tsaya ganin an kunna wuta ba.